An yi ma yarona allurar maleriya amma ya sake kamuwa, meye dalili?

Maman Sadiq:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Ina Birnin Kebbi, yarona ya samu allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro guda uku, amma daminar nan sai da ya kwanta, gwaji ya nuna maleriya ce, alhali ɗan maƙwabciyata da aka yi masu tare ko ciwon kai bai yi ba. Allurar ce ba ta aiki ko jikin yaran ne ya bambanta?

Baban Ummi:
Allah ya ba shi lafiya. Tana aiki hajiya, amma ba ta toshe cutar gaba ɗaya, ragewa take yi musamman mai tsanani. Allurar maleriyar nan mai suna R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024 guda huɗu ce, yaro yana ɗan wata 5, 6, 7 sai ta ƙarshe yana ɗan wata 15, kuma garkuwar da take sa jiki ya haɗa tana raguwa da lokaci, shi ya sa ta huɗun nan take da muhimmanci, kar ki bari ta wuce ki.

Nas Hauwa:
Maman Sadiq kin gane jiki shi ne ke haɗa garkuwar, allura nuna mishi abokin gaba kawai take yi. To yaro mai tamowa ko ƙarancin jini, wlh ba lallai jikinsa ya amsa kamar na mai ƙoshi ba. Shekaru ma suna da tasiri, a gwajin RTS,S, wata allurar maleriyar daban, jarirai 'yan sati 6 zuwa 12 ba su samu kariya kamar 'yan wata 5 zuwa 17 ba, ana ganin garkuwar da suka gada daga uwa tana daga cikin abin da ke dakushe allurar. Sannan yawan cizo, gidan da ke kusa da fadamar shinkafa ba ɗaya yake da na tudu ba ko da allurarsu iri ɗaya ce.

Abu Zinder:
Mu nan Nijar ma an fara a 2024. Abin da zan ƙara, a Mali da Burkina Faso an gwada haɗa allurar da maganin nan da ake rabawa yara gida-gida da damina, kariyar ta fi ta kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. Yana shan wannan maganin kuwa? Kuma yana kwana cikin gidan sauro?

Maman Sadiq:
Gidan sauro kam yana kwana, maganin ne yake tofarwa saboda ɗaci.

Nas Hauwa:
To ki gaya ma masu rabon in ya tofar, za su nuna miki yadda ake narka shi a ba shi kaɗan kaɗan.