Shin mutum zai iya riƙe gida da alƙalancin wasan ƙwallon ƙafa?

Ɗan Argungu:

Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai takardar NCE, kuma tun da ciwon gwiwa ya raba ni da buga ƙwallo nake busa wasannin unguwa da na makarantu a nan Argungu, har wasu manya suka fara ba ni shawarar in yi rajista in zama cikakken alƙalin wasa. Mahaifina bai hana ba, amma ya yi mini tambayar da na kasa amsawa, wato wane ne zai riƙa biyana kuma daga wane mataki. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini ta inda ake farawa, da irin gwajin da ake yi, da kuma ko zan iya fasa neman aikin koyarwa in dogara da usur kaɗai.

Tsohon Rafali, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da mahaifinka, domin ya san inda gizo ke saƙa. A ƙasar nan ba a biyan alƙalin wasa albashin wata. Alawus ake ba ka a kan kowane wasan da aka tura ka, kuma ranar da kakar wasa ta ƙare ko aka ɗage ta, to babu abin da zai shigo aljihunka ta wannan hanya. Shi ya sa kusan duk waɗanda muka yi zamani tare da su malaman makaranta ne, ko ma'aikatan gwamnati, ko masu kaki, ko 'yan kasuwa. Ba a kanmu aka fara ba: Ingila, duk da ɗimbin kuɗin da ke cikin gasarta, sai a 2001 ta mayar da manyan alƙalanta ma'aikatan dindindin. Howard Webb, wanda ya busa wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2010, asalinsa ɗan sanda ne, shi kuma Said Belqola na Maroko, ɗan Afirka na farko da ya busa irin wannan wasa, tsakanin Faransa da Brazil a 1998, ma'aikacin kwastan ne. Saboda haka ka karɓi aikin koyarwa idan ya samu, ga shi kuma ya dace da harkar, tunda yawancin wasanni a ƙarshen mako ake yi.

Game da farawa, ka zo Birnin Kebbi ka nemi reshen jiha na Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Najeriya, wato NRA, ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Za a karantar da kai dokokin wasa 17, ka rubuta jarrabawa, sannan ka fara daga matakin ƙasa da wasannin matasa da na jiha, wani lokaci da tuta a bakin layi, wani lokaci da usur a tsakiyar fili irin filin wasa na Haliru Abdu da ke nan Birnin Kebbi. Daga nan ake hawa zuwa ƙananan gasannin ƙasa, NLO da NNL, kafin a kai ga NPFL, wato babbar gasar ƙasa, kuma a manyan wasanni akwai mai sa ido da ke zaune a gefe yana ba ka maki. Bajen FIFA, wanda ke ba ka damar busa wasannin ƙasa da ƙasa, shi ne ƙololuwa. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, wato NFF, ce ke miƙa sunaye duk shekara, ba a karɓar alƙalin tsakiya sai ya kai shekara 25, kuma wanda ya samu bana zai iya rasa shi baɗi. Ka kuma gyara Turancinka na rubutu, domin rahoton da za ka rubuta bayan wasa shi ne abin da kwamitin ladabtarwa zai dogara da shi.

Malamin Motsa Jiki, Gusau:

Ɗan'uwa, abin da ya tsaya mini a rai a cikin tambayarka shi ne gwiwar nan. Mutane na ɗauka cewa wanda ya kasa buga ƙwallo zai iya komawa alƙalanci ya huta, alhali alƙalin tsakiya a babban wasa yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12, kuma ba a canza shi don ya gaji. A gwajin FIFA na manyan alƙalai maza, za ka yi tseren mita 40 har sau 6, kowanne cikin daƙiƙa 6 ko ƙasa da haka, sannan ka shiga zagayen fili inda za ka gudu mita 75 cikin daƙiƙa 15, ka taka mita 25 cikin daƙiƙa 18, ka maimaita sau 40 ba tsayawa. A ƙananan matakai ana sassauta lokacin, amma tsarin ɗaya ne. Ka fara ganin likitan ƙashi kafin ka kashe kuɗin fom, kuma idan ya amince, ka riƙa atisaye bayan sallar asuba, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin zafin ƙasarmu ba ya barin mutum ya yi irin wannan gudu da hantsi.

Mai Kallo, Ƙaura Namoda:

Da izinin manyanmu, ba a faɗa wa yaron nan rabin maganar ba. Na taɓa ganin an tashi wasa alƙali bai iya fita daga fili ba sai da 'yan sanda suka kewaye shi, ana jifan su da duwatsu da ledojin ruwa, laifinsa kawai ya ba baƙi bugun fenariti a minti na ƙarshe. A fili da yawa 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci cewa mai gida ba ya shan kashi. Ga kuma tafiyar mota a hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki, don alawus ɗin da wani lokaci sai an yi ta jira. Ina ganin wannan matsi ne ya zubar da kimar alƙalanmu a waje, har aka yi gasar Kofin Afirka ta 2023 a Cote d'Ivoire ba tare da alƙali ko ɗaya daga Najeriya ba, alhali ƙaramar ƙasa kamar Gambiya ta fitar da Bakary Gassama, wanda ya je Kofin Duniya na 2014 da 2018 da 2022.

Tsohon Rafali, Birnin Kebbi:

Mai Kallo bai yi ƙarya ba, sai dai jifa ba shi ne babban haɗarin ba a wurina. Haɗarin yakan zo ne da daddare a masauki, da fara'a da sallama: wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce shugaba na gaishe ku, ya ajiye ambulan a kan gado ya juya kafin ka buɗe baki. Wanda ba shi da wata sana'a, kuma ya baro gida babu cefane, shi ne hannunsa ke rawa a wannan lokaci, kuma dalilina ke nan na nace maka a kan aikin koyarwa. Ka kira kwamishinan wasa nan take, ka mayar da ambulan ɗin a gabansa, ka sa a rahoto. Joseph Lamptey na Ghana yana da bajen FIFA lokacin da ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal a 2016, alhali ƙwallon a ƙafar ɗan wasan Senegal Kalidou Koulibaly ta buga ba a hannu ba. FIFA ta kore shi har abada a 2017, aka kuma sake buga wasan.

Sannan ka riƙa neman sabon littafin dokoki duk shekara, domin hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, na yi musu gyara kusan kowace kaka. Daga 2025, misali, mai tsaron gida da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kusurwa ake ba abokan hamayya, kuma sai ka ɗaga hannu ka ƙirga masa biyar na ƙarshe da yatsu yana gani. Ka fara gwada wannan a wasanninku na unguwa, amma ka tara kaftin-kaftin ka yi musu bayani kafin a take wasa.