Abin da masu rubutun allon gilashi suka ce a Garwa

Na tattaro shawarwarin da masu sana'ar rubutu da zinariya a kan gilashi suka bayar a hirarmu. Duk sun yarda a bayan gilashi ake aikin, haruffa a juye, kuma sai an wanke shi tas don ko shatin yatsa yana hana zinariya kamawa. Jelatin kaɗan (wani abu mai danƙo da ke riƙe zinariyar) a ruwan ɗumi, a jiƙa gilashin, a ɗora ganyen zinariya (fallen zinariya marar kauri), in ya bushe a goge da auduga sannan a rufe bayan da fenti. Lokacin hunturu kam a rufe shago, ƙura tana ɓata komai.

Maganar asid ɗin da ake sa wa ya ci fuskar gilashi don fitar da zane ce ta jawo musu, ni dai ina bayan dattawan da suka ce a bar shi, yana cin nama har ƙashi wallahi, feshin yashi ya wadatar amma a rufe hanci da ido sosai.