Kekena ya koma shan mai kamar wanda aka yi wa baki, ina mafita?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum. Iyayen gida a wannan sana'a, don Allah ku taimaka min da shawara kafin in ajiye makulli.

Shekara biyu da wata uku ke nan ina tuƙa keke napep a Jos. Ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne a unguwarmu, balas, wato kuɗin yini da muka yanke, nake kai masa duk yamma. Hanyata ɗaya ce kullum: Terminus zuwa Farin Gada ta Bauchi Road, wani lokaci in samu shata zuwa Katako ko Rikkos. A da in na zuba lita 5 da safe, sai bayan la'asar nake juya rizab, wato ɗan man ajiya na ƙasan tanki. Yanzu wallahi ko azahar ba ta yi sai ka ji ya fara shaƙewa yana neman mutuwa. Jiya lita 8 na sha, kuma ba wani aikin kirki na yi ba. Da na cire kuɗin mai, na cire na Alhaji, na cire tikiti, abin da ya rage ko cefanen gida bai kai ba.

Abin ya fara ne wajen sati uku da suka wuce. A satin na canza takalmin birkin baya, kuma wani yaron bakanike ya taɓa min kabureta saboda keken yana wahalar tashi da asuba in ana sanyi. Ban sani ba ko ɗayansu ne, ko kuwa man da ake sayar mana ne ya lalace, don abokan aiki da yawa suna cewa man yanzu hura wuta yake kamar iska. Alhaji kuwa ya fara yi min wani irin kallo, shi a ganinsa ƙarya nake. Wannan ne ma ya fi ci min rai.

Baba Mai Sifana, Dilimi:

Wa alaikumus salam. Yaro, ai ka ba kanka amsa da bakinka, kana neman ka ɗora wa gidan mai laifi.

Gobe kafin ka fita, kunce fulogi ka duba bakinsa. In ka gan shi baƙi ƙirin da ƙullin hayaƙi kamar gindin tukunya, to mai ya yi wa injin yawa, iska ta yi kaɗan. In ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, lafiya lau. In ya yi fari fat, wannan kuma an matse shi fiye da kima, injin zai riƙa zafi, kuma ƙarshenta ka sayi fistin. Na faɗi wannan ne don na san halinku, da an ce mai ya yi yawa sai ku je a matse kabureta har keke ya kasa hawa tudu.

Abin da nake zargi shi ne yaron ya buɗe maka mai ya kuma ɗaga silo, wato gudun inji in ba a murɗa totur ba, don keken ya riƙa tashi da wuri. Aikin ragwanci ne, amma kowa yana yi. Sanyin Jos na Disamba da Janairu ba wasa ba ne, injin sanyi yana son mai da yawa na minti biyu ko uku, shi ya sa aka yi cok. Ka ja cok, ya tashi, ya ɗumama, ka mayar. Shi kuwa ya maida maka keken kamar mai cok a ja yini guda.

Akwai kuma abin da yawancin yaranmu ba su sani ba. Garin nan yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, bambancin ya kai kashi goma cikin ɗari. Ita kabureta ba ta da hankali, man da aka saita ta ta bayar shi za ta bayar, ko iskar ta ishe shi ko ba ta ishe shi ba. Don haka keken da aka saita a ƙasan tudu in ya hau Jos dama can yana ɗan shan mai fiye da buƙata. Ka zo ka ƙara masa a kan haka, ga ƙurar hunturu ta toshe iya kilina, wato soson da ke tace iskar inji, me kake jira? Yaushe rabonka da ka ciro soson nan ka wanke? Na tabbata ba ka tuna ba.

Sai birki. Ɗaga bayan keken, sa shi a furi, juya kowace taya da hannu. In ta tsaya nan take ko kana jin shuu-shuu, takalmin yana cizo. Ko ka yi tafiyar minti goma ka taɓa wajen duram ɗin, in ya ƙona ka, to da birki a take kake yawo. Ba ka ji shi a jikinka ba ne don kana ƙara totur ba ka sani ba.

In ka yi waɗannan bai daidaita ba sai mu yi maganar kuloci da bawul. Kada ka bari kowa ya sauke maka inji tukuna.

Na Kubwa:

Baba ya gama magana ta ɓangaren ƙarfe. Ni abin da zan ƙara, ɗan'uwa, ka daina auna mai da agogo. "Daga safe zuwa la'asar" ba ma'auni ba ne. Wata ranar ka yi sawu goma sha biyar, wata ranar ashirin. Mu nan Kubwa ta Abuja ma da yawa da naira suke lissafi, su ce na zuba na dubu biyar bai kai ni ko'ina ba. To tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa wuce dubu, ta yaya naira za ta gaya maka gaskiyar injinka?

Ni ga yadda nake yi. In cika tanki har baki, in rubuta lambar mitar da ke ƙirga kilomita a bayan tikiti. Washegari in koma famfon da na sha jiya, in sake cikawa har baki, in raba kilomitan da litar da ta shiga. In mitarka ta mutu kamar ta yawancinmu, taswirar waya tana ƙirga tafiya. Nawa yana ba ni tsakanin kilomita 26 da 29 a lita in hanya ta yi kyau. Ranar da na maƙale a cunkoso kuwa yakan faɗo wajen 22. Bajaj ne ko TVS, duk injin kusan cc 200 ne mai silinda ɗaya, ba wani bambancin da zai kai lita 3 a yini. Amma kada ka gwada naka da nawa kai tsaye, Kubwa shimfiɗe take, ku kuwa ko'ina hawa da gangara.

Takardar nan ita za ka nuna wa Alhajin. Mai kuɗi ba ya jin rantsuwa, lamba yake ji.

Hajiya Mai Keke Biyu:

Ni ba direba ba ce, keke biyu gare ni a hannun yara, ɗaya Bukuru ɗaya cikin gari. Ɗana, kada ka ji haushin Alhajinka sosai, mu ma an sha mu mun warke.

Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. Kekunan nan rana ɗaya na saye su, iri ɗaya. Ɗayan yaron yana shan mai fiye da ɗan'uwansa kullum. Na ɗauka cuta ce, sai ran nan na shiga bayansa zuwa kasuwa. Subhanallahi. Daga wannan fasinja zuwa wancan sai ya murɗe totur har ƙarshe, ya zo ya daka birki, ya sake fizga. In ya tsaya jiran lodi inji na kunne yana ta vum-vum wai yana kiran mutane. Ga mutum huɗu a baya, biyu a gefensa, ga buhun dankali a ƙafa. Da na yi magana sai ya ce Hajiya ai in ba a yi haka ba ba a haɗa balas. Na ce to taya biyu da ka ci min a wata huɗu fa, wa ya haɗa kuɗinsu?

Ba ina cewa haka kake ba. Ka dai duba hannunka ma.

Ɗan Gangare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma, kamar kana wajen. Fulogi baƙi wuluk, har yatsana ya ɓaci. Soson iya kilina kuwa kunya ta hana ni nuna wa kowa, jar ƙasa ce ta daskare a jikinsa kamar bulo. Tayar hagu ta baya da ƙyar ta yi rabin juyi da na murza ta. An sassauta birkin, an wanke soson, an mayar da silo ƙasa. Na tsaya wajen mai faci ma, ashe tayar gaba iskarta ta yi ƙasa sosai, ni ina ta cewa kan keken ne ya yi nauyi.

Yau na yi yadda Na Kubwa ya ce, na cika tanki na rubuta. Zan dawo da lissafin bayan kwana uku.

Hajiya, maganar totur na karɓa, ina yi. Ta lodi ce ban san yadda za a yi ba, don in ka tashi da mutum uku daga Terminus 'yan bayanka ma dariya za su yi maka.

Tambaya ɗaya ta rage, Baba. Yaran layinmu in sun zo gangara sai su kashe inji su sa furi har ƙasa, wai suna tsimin mai. Ni ma nakan yi wani lokaci. Akwai riba a ciki?

Baba Mai Sifana, Dilimi:

Man da za ka tsira da shi a gangara ɗaya bai cika murfin kwalba ba. Kuma ka cire giya, nauyin mutum shida duk ya koma kan takalmin da ka gama gasawa sati uku. Bar shi a giya ka saki totur. Ka kawo min shi ranar Asabar da safe in ga duram ɗin hagun nan, ina jin ya riga ya yi shuɗi.