Naɗin Tauraro a Gidan Rawar Paris: Musayar Baitoci

Ɗan Maraɗi: Jama'a, albishirinku. Ranar 11 ga Maris 2023, 'yan rawar bale na gidan Opera na Paris suna wasan Giselle a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ana gamawa aka naɗa Guillaume Diop tauraro, muƙamin ƙoli a gidan. Shi ne baƙar fata na farko da ya taka wannan matsayi.

Ku matso ku ji, 'yan'uwa, na zo da bishara,
Ɗan Senegal ta wajen uba yau ya fi tsara,
A Seoul aka naɗa shi, zaure ya ɗau ƙara,
Shekara ɗari uku da ɗori ana ta jira.

'Yar Zazzau:
Ɗan Maraɗi, rage zumuɗi, ja numfashi,
Matakai biyar ne a gidan, guda ya tsallake shi,
Na huɗu bai taka ba, a na uku aka ɗauke shi,
Wanda ke layi tun bara, wa zai rarrashe shi?

Ɗan Maraɗi:
'Yar Zazzau, rawa ba layi ba ce na gidan mai,
Wanda ya iya shi ake kira, ba wanda ya daɗe kawai,
Babba ya ji rauni, aka ce yaro zo ka tsaya mai,
Ya tsaya ya yi, darakta José Martinez ya gani sarai.

Bakatsine: Kai! Ɗan Maraɗi, ka gama magana. Allah ya ƙara basira. Zazzagawa sai a kawo wata.

Malam Mai Aruli: A dakata da tafi. Ɗan Maraɗi, ɗangonka na biyu ya fi na farko da gaɓa huɗu, kuma ka rufe ɗango biyu da "mai". Ke kuma 'Yar Zazzau, "shi, shi, shi" sau uku ba amsa-amo ba ne, maimaici ne. Ga karin waƙa na Mutaƙarab ku gani:

Ku sauko ku koyo, ku bar yin gadara,
Ku jera ƙafafu, ku daina asara,
Rawar nan ta Paris tana bin ƙidaya,
Kiɗa in ya juya, ƙafa ma ta juya.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ma'auninka daidai, ba mu musa ba,
Amma baitinka bai ce komai a kan yaron ba,
Ka ƙirga gaɓa tsaf, tsallensa ba ka ƙirga ba,
Ƙafa na sarƙewa a sama, ƙasa bai taɓa ba,
Aljanun dajin Giselle na cewa yi rawa, bai gaza ba,
Har asuba ta yi, numfashinsa bai yanke ba.

Malam Mai Aruli: Ka fara da ƙwar huɗu ka koma ƙwar shida, sannan duk a kan "ba". Ko yaro ya iya rufe ɗango da "ba".

Bakatsine: Haba Malam! Kullum sai an kawo abin farin ciki ka fito da ma'auni. Mawaƙan baka na ƙasar Katsina da Gobir da wane Mutaƙarab suka tashi fada tsaye?

Malam Mai Aruli: Su suna da kalangu da kotso da 'yan amshi masu riƙe musu kari. Wanda ya ɗauki alƙalami ba shi da makaɗi sai gaɓoɓinsa. Kada ka haɗa waƙar baka da rubutacciya, Bakatsine.

Bakatsine: To a ba Ɗan Maraɗi kotso mu huta.

'Yar Zazzau: Ku gama rigimarku, ni ban sauka daga maganata ba.

Biyu ga wata an naɗa biyu, ba ku yi waƙa ba,
Hannah O'Neill da Marc Moreau ba ku ambata ba,
Shi Marc ya kusa shekara ashirin bai fasa ba,
Mataki bayan mataki, ko ɗaya bai tsallake ba,
Dorothée Gilbert ta yi Giselle, ba ku gan ta ba?

Malam, na san "ba" ce, da gangan na ara a wurin ɗalibinka.

Ɗan Maraɗi: Yaya, ban raina kowa a cikinsu ba. Amma a 2020 Diop na cikin waɗanda suka rubuta takardar koke kan launin fata a gidan, tun yana ƙaramin ma'aikaci.

Ya ce a daina shafa baƙi a fuskar farare,
A ba kowa safa da takalmin da ya dace da fatarsa, a gyare,
Yaron da ya faɗi haka alhali gaba ba ta share,
Shi kike so ya koma layi ya tsaya a takure?

Malam Mai Aruli: Ɗango na biyu ya karye har ƙasa.

Inna ta Kumasi: Sai yanzu na iso, na tarar kun yi nisa. 'Ya'yana, ni 'yan bayan fage nake tausayi, waɗanda ba a kiran sunansu.

Yarinya na zaune da allura tana ɗinka igiya,
Ta buga takalmi a ƙasa don ya daina ƙara, ya yi biyayya,
Ta naɗe yatsu da filasta, farce ya sha wuya,
Dandalin Garnier, zauren gidan, gangare ne, sai an kafa duga-dugi da baya,
Arba'in da biyu ake ritaya, jiki ya gaji da ɗawainiya.

Shi ya sa a Disamban 2019 suka fito ƙofar gidan cikin sanyi da fararen kaya, suka yi rawa a fili don kare fanshonsu.

'Yar Zazzau: Inna, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da ke raina.

Ɗan Maraɗi, ka ji Inna ko kunnenka na Seoul har yanzu?
Sama da ɗari da hamsin ne a gidan, ba ɗaya ba, ba biyu,
Na taya Diop murna, Allah ya sa gwiwa ta riƙe shi, ya rayu,
Amma sai ka yi wa 'yan sahun baya baiti kafin mu shiryu.

Ɗan Maraɗi: Na karɓa, Yaya. Gobe bayan la'asar, kuma a Mutaƙarab, don Malam ya samu barci.

Malam Mai Aruli: Zan auna. 'Yar Zazzau, "yanzu" da "biyu" ba su haɗu ba.