Muhawara: Wane Hob Ne Na Asali A Gaban Babur Bonneville Mai Takardar 1971?

Hob shi ne cibiyar wili, inda sifok ke kamawa kuma gangar birki take. Maganar da ta tayar da ƙura: "Duk Triumph Bonneville T120 da takardarsa ta ce 1971, hob mai siffar mazurari ne nasa. In ka ga wani iri a gabansa, to an sauya."

Oga Bala: Ni ina kan wannan magana. A 1971 Triumph ta sauya kusan komai: man inji ya koma cikin bututun firam, fok (ƙafafun da ke riƙe wilin gaba) ya zama mai ƙafar alminiyom ba robar rufi, hob na gaba da na baya suka zama mazurari, gefen birki da faɗi, ɗaya gefen a tsuke. Gangar birkin gaba inci 8, ta baya inci 7. Haka aka tafi har birkin faifai ya zo gaban sabon Bonneville T140 a 1973. Me ya rage na gardama?

Malam Sani: Oga, takarda ranar rajista take faɗa, ba ranar ƙira ba. Babur ɗin 1970 kan iya kwana a shagon dila sai 1971 a saye shi. Wannan tankin mansa daban yake a gefen dama ƙarƙashin kujera, hob ɗinsa kuma na 1969 zuwa 1970 ne. Ka ɗaura masa mazurari ka ɓata shi da hannunka.

Oga Bala: To a duba lambar inji mana.

Malam Sani: Yawwa, yanzu ka zo. Daga 1969 lambar na farawa da haruffa biyu: na farko wata, na biyu shekarar samfuri. C 1969, D 1970, E 1971, G 1972. Watanni kuwa A Janairu, B Fabrairu, a bi su C, D, E, G, H, J, K, N, P, har X Disamba. Sai dai a lura, shekarar samfuri na farawa ne wajen Agusta, don haka XE Disamban 1970 aka ƙera shi, amma samfurin 1971 ne, mazurari ne nasa. A kuma tabbatar lambar inji ta yi daidai da ta firam, don injin kan yi ƙaura.

Alhaji Ɗanlami: Ku biyun kun tsaya kan lamba, kun bar ƙarfen. Ɗauki maganaɗisu ka manna a jikin hob. Na 1968 zuwa 1970 ƙarfe ne, zai kama tsam. Mazurari alminiyom ne, sai ka kai shi cikin ganga inda takalmin birki ke goga sannan ya kama. Daga nan ka ƙirga ramukan sifok: 40 ne a na Ingila. In ka sami 36, galibi na babur ɗin Japan ne aka rarake aka cusa.

Usman Ƙarami: Alhaji, a gafarce ni, ai na 1968 da na 1969 duk abu ɗaya ne, tunda duka birki mai hannu biyu ne da bakin shan iska.

Alhaji Ɗanlami: A'a ɗana, nan ne mutane ke faɗawa rami. Dubi yadda wayar birki ta shigo. A farantin birkin 1968 doguwa ce, ta lanƙwaso ta baya. A 1969 aka sa hannu mai gwiwa, wayar ta sauko daga sama ta bi jikin fok. Sannan a 1969 an buɗa tsakanin ƙafafun fok daga inci 6½ zuwa 6¾, don haka sandar tsakiyar wili ta ƙara tsawo. Ka sa gajeriyar a fok mai faɗi, tsagin da ke bakinta ba zai hau kan kusoshin murfin ƙasan fok ba. Mai taurin kai ya ɗaure da ƙarfi, fok ya matse, ya daina nitsewa yadda ya kamata.

Oga Bala: Na karɓi batun rajista. Amma fa hob ɗin da ya yi daidai da shekara ba lallai na Triumph ba ne. Kamfanin babura na BSA ne ya mallaki Triumph tun 1951, kuma babur ɗinsa A65 ya yi amfani da irin wannan birki, har da mazurarin 1971.

Malam Sani: Shi ya sa lambar da aka zubo a jikin faranti ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Zubi ɗaya kan yi shekaru ana amfani da shi, a babur fiye da ɗaya.

Usman Ƙarami: In an tabbatar na asali ne, sai a yanke sifok a sa sababbi?

Alhaji Ɗanlami: Kar ka taɓa almakashi tukuna. Kwantar da wilin, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin ganga, ka auna tazararsa da leɓen rim, ka rubuta. Ɗauki hoton yadda sifok suka sarƙe ta kowane gefe. A mazurari tsawon sifok ba ɗaya ba ne, kuma ramukan rim an huda su ne a karkace don wannan hob ɗin. Rim ɗin 1970 zai lanƙwasa su a wuya har su riƙa tsinkewa. Boris lamba 6204 ne a hob ɗin 1970, amma zoben da ke riƙe shi zarensa na hagu ne. Ta dama ake kwance shi. Da yawa sun cinye zaren da guduma kafin su gane.

Oga Bala: Ku ƙara da auna cikin ganga wuri uku ko huɗu. In ta zama ƙwai, gyaran sai bayan an ɗaure sifok, don jan sifok kan sake karkata ta.