Karena ya ƙi wanka: sau nawa kuke yi wa naku, kuma yaya kuke shawo kansa?

Baban Ummi, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da karen gadi, Alsashen, shekararsa 2 da 'yan watanni, muna kiransa Zaki. Tun yana ɗan wata 3 na kawo shi, bayan ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu. Wanda ya sayar mini da shi ya ce duk Asabar a yi masa wanka, ni kuwa na riƙe maganar ban taɓa tsallakewa ba. Yanzu da ya ji ƙarar bokiti ko ya ga an jawo tiyo sai ya shige ƙarƙashin mota ya lafe, ko nama ka nuna masa ba zai fito ba. Asabar ɗin da ta wuce sai da muka taru mu 3, ni da ƙanena da yaron da ke ba shi abinci, muka jawo shi da sarƙa. Jikinsa na ta ɓari, har ya yi wa yaron gurnani, abin da bai taɓa yi wa ɗan gida ba. Gurnanin nan ne ya hana ni barci. Ga shi duk da wankan susa yake yi dare da rana, bayansa na fitar da wani farin abu kamar amosani. Don Allah masu karnuka ku ba ni labarin yadda kuke yi da naku.

Maman Rahila, Jos:
Sannu Baban Ummi. Abin da ya same ni ke nan da karyata shekarun baya. Duk mako nake mata wanka, a sanyin Jos kuma, don ina ganin tsabta ce. Gashinta ya bushe ya zama kamar tsintsiya, ta riƙa susa har tana fasa fata. Da na kai ta wajen likita tambayar farko da ya yi mini ita ce sau nawa nake mata wanka. Ya ce in koma sau ɗaya a wata, in sayi buroshi. Cikin makonni kaɗan susar ta ragu. Da wane sabulu kake yi masa? Ruwan kuma ɗumi ne ko na sanyi?

Baban Ummi, Kaduna:
Garin sabulun wanki muke kaɗawa a bokiti, Maman Rahila, sai a ɗauraye shi da tiyo daga tankin sama. Da sassafe muke yi kafin in fita.

Likitan dabbobi, Zariya:
Malam, amsar nan taka ta fito da rabin ciwon. Garin sabulu an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma abin da yake yi wa fatar karenka ke nan. Fatar kare tana fitar da wani mai da ke kare ta daga bushewa da ƙwayoyin cuta, duk Asabar kana wanke shi tas, kafin ya dawo wata Asabar ta zo. Saman fatar kare ta fi tamu siranta nesa ba kusa ba, gashi ne kawai ya rufa mata asiri. Ko sabulun wankanmu bai dace da ita ba, domin a ma'aunin tsami fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare kuwa ta fi kusa da 7. Farin abin da kake gani fata ce ta bushe take zuba.

Kare mai lafiya irin naka, da yake kwana a tsakar gida, wanka sau ɗaya a mako 4 zuwa 6 ya ishe shi, sai in ya yi birgima a cikin wani ƙazanta. Da hunturu ma ana iya ƙara tazarar. Alsashen gashinsa hawa biyu ne, akwai na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi, kuma na ƙasan ne ke riƙe ƙura da wari. Buroshi sau 2 ko 3 a mako ya fi wanka cire shi. In kuma na ƙasan bai bushe ba bayan wanka, warin ƙaruwa yake yi.

Inda wanka yake yawaita shi ne in an rubuta wa kare shamfu na magani saboda ƙazuwa ko wata cutar fata. Shi wannan ana iya yinsa sau 2 a mako na ɗan lokaci, kuma sai an bar kumfar ta zauna a jiki kamar minti 10 kafin a ɗauraye. Masu karnuka da yawa suna dawo mini suna cewa magani bai yi aiki ba, in na bincika sai in tarar shafawa suke yi su wanke nan take.

Kada ka doke shi a kan gurnanin. In ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, kuma alheri ne da ya sanar da kai kafin ya kai baki. Karen da aka hana gurnani da duka shi ne yake cizo ba sallama. Ka kuma duba katinsa, allurar haukan kare duk shekara ake sabunta ta. In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Tsohon mafarauci, Ningi:
Yaro, ni karnuka 6 gare ni yanzu, kuma tun ina bin mahaifina daji ban taɓa ganin an ɗaure kare an watsa masa ruwa ba. Da damina in mun dawo ta rafi ni nake fara shiga, sai su biyo ni ɗaya bayan ɗaya, in cuɗa kowanne da hannu. Da rani babu wanka sam. Abin da ba na fashi shi ne duba kaska. Duk yamma in sun ci sun kwanta sai in zauna a tsakiyarsu in bi kunne, in bi tsakanin yatsu, in bi wuya da hammata. Karen da ya saba da hannunka kullum ba zai ƙi ka ranar ruwa ba. Naka kuwa, in na fahimce ka, yaro ne ke ba shi abinci, kai sai ranar wanka kake taɓa shi. To me zai ɗauke ka?

Na san na Turawa ba ɗaya suke da namu ba, namu gashinsu gajere ne, rana ɗaya ta busar da su. Amma tsoro ɗaya ne.

Yayar Sadiq, Gusau:
Ni roƙo na zo yi, kuma har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Muna da kare ɗan gida, Durwa, shekararsa 5 yana gadin gidan mahaifiyarmu. Wata damina kaska ta cika masa kunne, wani ya ce mana a ɗiga fiya-fiya a ruwan wanka, shi haka yake yi wa nasa. Ƙanena ya zuba, muka yi masa wanka da rana. Ba a yi awa ɗaya ba yawu ya fara dalala daga bakinsa, jikinsa ya kama rawa, ya yi amai, ya yi zawo, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Kafin mu samo wanda zai duba shi ya mutu a gindin bishiyar da yake kwana. Ƙanena ma da ya cuɗa shi da hannu ya kwana da ciwon kai da tashin zuciya.

Daga baya aka yi mana bayani cewa gubar ta fata take shiga, ba sai ya lasa ba. Don Allah kada kowa ya sa fiya-fiya, ko kalanzir, ko baƙin mai a jikin kare, ko da wa ya ce ya gwada ya ga daidai. Mahaifiyarmu ba ta yarda an sake kawo wani kare gidan ba.

Likitan dabbobi, Zariya:
Allah ya ba ku haƙuri, Yaya. Irin wannan muna ganinsa duk damina. Kuma abin takaicin shi ne wanka ba ya raba kare da kaska, ko da me aka yi shi. Kaskar kare a tsagar bango da ramukan ɗakinsa take ɓuya, mace ɗaya in ta sha jini ta faɗo tana zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare yau, gobe wasu su hau. Dole a haɗa da gyaran makwancinsa, a toshe tsagogi, a yi feshin da likita ya auna bayan an fitar da shi. Ko amitraz, maganin kaska da muke amfani da shi, sai an sirka shi daidai gwargwado, in ya yi yawa yana kwantar da kare. Masu amfani da maganin da ake ɗigawa a ƙeya kuma, a bar kwana 2 kafin wanka da kwana 2 bayansa, don ta man fatar yake bazuwa.

Ɗan Tawa, Nijar:
Mu nan inda ruwan sha ma sai an saya a jarka, wa zai ba kare bokiti biyu duk mako? Ina da karya irin dogayen nan sirara na Buzaye, na Azawak. A shekara bai wuce in yi mata wanka sau 2 ba. Tsumma nake jiƙawa in goge ta in ƙura ta yi yawa, kuma ba ta wari.

Abba, Kano:
Tambayata daban ce. Ni ba karen ne ke gudun wankan ba, ni ne, saboda in ya girgije ruwan duk a jikina yake sauka, ga sallah. Yaya kuke yi?

Malamin makaranta, Katsina:
Abba, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya su suna ɗaukarsa najasa. Ni don in huta da waswasi na ware tsohuwar riga da wando da safar hannu ta roba na wannan aikin kaɗai, in na gama in cire in watsa ruwa. Tunda an halatta mana riƙe shi don tsaro, kula da lafiyarsa ya hau kanmu. In kana son ya rage girgije maka ruwa, bar kansa da wuyansa su zama na ƙarshe, da zarar kai ya jiƙe yake fara girgiza.

Tsohon mai horar da karnuka, Abuja:
Baban Ummi, dakatar da wankan gaba ɗaya na wata guda, ba abin da zai same shi. Ka duba abin daga wajensa: sassafe, ruwan da ya kwana a tanki, tiyo mai ƙarfi a fuska, siminti mai santsi da kumfa, ga mutum 3 sun danne shi. Ko jarumin kare ne sai ya tsani Asabar.

Na taɓa karɓar wani kare irin Rotwaila da ya fi naka tsanani, shi ganin bokiti kawai yake ya fara haushi. Makon farko ban yi komai ba illa ajiye bokitin, babu ruwa, kusa da kwanon abincinsa. Ranar farko ya ƙi ci sai da na matsar da shi nesa, kullum ina ɗan matsowa da shi. Mako na biyu na zuba ruwa a ciki, ina tsoma hannu ina shafa masa ƙafa ɗaya, in ba shi guntun busasshen kifi, shi ke nan a tashi. Kada ka jira sai ya firgita kafin ka daina, ka tsaya tun yana cikin natsuwa. Sai a mako na huɗu na zuba masa ruwa da moɗa.

Ranar wankan ka fara zagayawa da shi ya gaji. Ka bari rana ta ɗaga, ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, yadda in ka tsoma gwiwar hannu ba za ka ji zafi ko sanyi ba. Shimfiɗa tsohon buhu ko tabarmar roba ya taka, yawancin ɓarin da suke yi tsoron zamewa ne. Mutum ɗaya, wanda ya fi yarda da shi. Fara daga ƙafafun baya ka hauro, fuska kuwa tsumma mai laima ya isa, kada ruwa ya shiga kunne. Ɗauraya ta fi cuɗawa muhimmanci, kumfar da ta maƙale ita ke kawo susa. Tunda ya riga ya yi gurnani ka saba masa da takunkumi, amma a ranakun da ba wanka, kana saka masa abinci a ciki, kar ya haɗa shi da bokiti.

In ka goge shi da tawul kada ka sake shi nan take, kai tsaye ƙasa zai nufa ya yi birgima. Riƙe shi da igiya ku yi ta tafiya a rana har ya bushe. Ka kuma lura da inda yake kwanciya da damina, akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya ɓata, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya.

Baban Ummi, Kaduna:
Na dawo da labari bayan mako 5, kuma na gode muku ɗaya bayan ɗaya. Yayar Sadiq, na karanta wa ƙanena labarinki, don shi ma ya taɓa kawo shawarar fiya-fiya. Maganar Baba na Ningi ce ta fi taɓa ni, gaskiya ya faɗa, ban san jikin karena ba. Yanzu ni nake ba shi abincin yamma, in zauna in taje shi. Ranar farko gashin da ya fita ya cika leda. A nan na ga kaska 4 a cikin kunnensa na hagu, muka bi bangon ɗakinsa muka tarar da su a tsagogi, an yi feshi an shafe da siminti. Farin abin nan ya kusa ɓacewa, susar ma ta ragu ƙwarai.

Jiya da azahar na yi masa wanka ni kaɗai, da moɗa da shamfun karnuka, yana tsaye a kan buhu. Ya bari na wanke shi har kafaɗa. Da na kai wuya ya fara ja da baya, sai na tsaya, na goge sauran da tsumma. Bai yi gurnani ba. Tiyon dai har yanzu in ana ban ruwan fulawa ƙarƙashin mota yake komawa, don haka na ce a riƙa yi lokacin da na fita zagaye da shi.