An ce in tsaya shugabar matasa, ni kuwa hawaye ba ya yi mini wuya

'Yar Badawa: Salama 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina sakatariyar zumuntar matasa a ikilisiyarmu da ke Sabon Gari. Saura Lahadi biyu a yi zaɓe, fasto da dattawa biyu sun kira ni sun ce in tsaya shugaba. Matsalata saurin kuka. In aka yaɓa mini magana, sai in kwana ina juya ta. Ran da muka je dubiya asibiti ni aka ba addu'a, ban kai amin ba murya ta shaƙe. Amma kuma ni nake fara lura da wanda ya daina zuwa, ni suke kira in abu ya dame su. Ba ina tambaya ko kuka zunubi ba ne. In karɓa yanzu, ko in roƙa a ba ni muƙamin mataimakiyar shugaba shekara ɗaya tukuna? Mai irin halina da ya taɓa riƙe muƙami ya faɗa mini yadda ta kaya.

Malamin Lahadi: Kuka ba zunubi ba ne, 'yar'uwa. Ubangijinmu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, Yohanna 11:35. Nehemiya da ya ji labarin Urushalima zama ya yi ya yi ta kuka, shi ne kuma ya gama garun cikin kwana 52. Irmiya ma cewa ya yi shi yaro ne, bai iya magana ba.

'Yar Badawa: Na gode Malam, amma ai na ce ba wannan nake tambaya ba.

Ɗan Kwaya: Ki karɓa, mu za mu sayi hankici dozin daga asusu. Kafin wani ya tambaya, kwaya ta waƙa nake nufi, ba ƙwaya ba.

Tsohon Ma'aji: Ƙanwata, gudu ki tsira. Ni ma haka aka lallaɓa ni a 2019, wai ina da amana, ina da tausayi. Tausayin ne ya kashe ni. Za mu taro a Jos, aka sa kowa ya biya kuɗin mota dubu 4. Mutum bakwai suka zo mini ɗaya bayan ɗaya, wannan mamarsa ba lafiya, wancan ba a biya albashi ba. Na kasa cewa a'a, na rubuta sunayensu, na cike daga aljihuna, sauran na taɓa baikon matasa da niyyar za su biya. Biyu kawai suka biya. Ranar rahoto aka tsayar da ni gaban kwamiti kamar an kama ɓarawo a kasuwar Sabon Gari. Cikin waɗanda na rufa wa asiri har da wanda ya ɗaga hannu yana tambayar rasit. Na buɗe baki in yi bayani sai kuka ya ƙwace mini, wani dattijo ya ce ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya kuka. Wata uku ina biya daga albashina. Shekara biyu ban taka majami'ar ba, mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Yanzu wata ikilisiya nake zuwa a Brigade, kujerar baya, ana albarka ina fita.

Bulus Naibawa: Yaya, dubu 4 zuwa Jos da dawowa? A shekarar mu dubu 6 muka biya, kuma tsohuwar bas ce.

Tsohon Ma'aji: Ikilisiya ta cika wani abu a kai. Abin da ka tsinta ke nan a duk labarin?

Ɗan Kwaya: Bara mu dubu 25 aka ce, ban je ba, na yi addu'a daga gida.

Kaka Rifkatu: Ɗana Ma'aji, an cuce ka, Allah ya warkar da zuciyarka. Amma ka taɓa kuɗin da ba naka ba kai kaɗai, a nan aka samu ƙofa. 'Yata ta Badawa, ni na riƙe zumuntar mata shekara shida, har yau in ana waƙar jana'iza ba na iya kaiwa ƙarshe. Abin da ya cece ni: ban taɓa amsa magana mai zafi ranar da aka faɗe ta ba, sai na kwana na yi addu'a. Kuɗi kuwa ban yarda ya kwana a jakata ba, mutum biyu suke sa hannu. Na kuma samu mataimakiya mai kaushin baki, in za a ce a'a ita take faɗi. Karanta Fitowa 18, shawarar da Yetro ya ba Musa ke nan, kada ya ɗauki kayan shi kaɗai. Matan da suka fi ba ni wahala su ne suka riƙa zuwa gidana da dare da damuwarsu, don sun san zan ji.

Soja na Yesu: Mama, da girmamawa, mata daban matasa daban. Yaran yanzu a WhatsApp suke yanka mutum ƙarfe 1 na dare. Kuma wanda ya bar ikilisiyarsa da fushi ba shi ne zai ba da shawara a kan shugabanci ba. Fasto ya riga ya yi magana, 2 Timoti 1:7, ba ruhun tsoro aka ba mu ba.

Tsohon Ma'aji: Kai da kake Abuja shekara nawa, ko ajin Lahadi ka taɓa riƙewa? Wanda ya sha duka shi ya san zafin sanda.

Malamin Lahadi: Soja, ka koma aya ta 4 a wannan sura. Timotin da aka rubuta wa wannan, Manzo Bulus cewa ya yi yana tuna hawayensa.

Bulus Naibawa: Ni abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, me ya sa a yawancin wurare matasa ne suke tara kuɗi amma sai dattawa sun sa hannu kafin a fitar? Mun yi wata biyar muna tarawa don mu gyara jita da ganga, aka wayi gari kuɗin sun tafi man janareta.

Soja na Yesu: To ku a duhu kuke sujada?

Ɗan Kwaya: Da zafin Kano na Afrilu, ni na yafe jitar, a bar mini fanka.

Kaka Rifkatu: Namu ma haka aka yi da kuɗin zanen zumunta wata shekara, sai da muka je mu takwas gaban kwamiti.

'Yar Badawa: Kaka na gode, zan neme ki bayan sujada in kin yarda. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan batun mataimakiyar. Akwai wanda ya fara daga nan kafin ya hau?

Bulus Naibawa: Kafin ki amsa musu ki fara tambaya wa yake sa hannu a asusunku. Ɗan Kwaya, dubu 25 ɗin nan har da abinci ne ko mota kawai?